Warkin Baba da Kambun da Na Ɗinka

A shekarun da zan ba ku labari, ni matar aure ce mai goyo, mai keken ɗinki a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, irin ƙauyukan nan da in ka tsaya a bayan gidanku kana hango rumbunan ƙauye na gaba. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, in ban da mutum ɗaya. A wancan lokaci ni mace ce mai rawar kai da son raha, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Inna takan ce tun ina ƙarama ko kaza ce ta yi ƙwai sai na zaga maƙwabta na sanar. Na daɗe ina karanta labaran da 'yan'uwa ke aiko wa wannan shafi, ina cewa nawa bai kai a rubuta ba, tun da babu wanda aka kashe a cikinsa, babu wanda aka ɗaure. Amma duk shekara da kaka ta kama sai ya taso ya hana ni zama wuri ɗaya, shi ya sa na ga gara in fitar da shi ko na samu sauƙi.

Gidanmu gidan kokawa ne. Baba a ƙuruciyarsa babu dandalin da bai shiga ba a ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma yana da takensa na musamman da makaɗa ke kaɗa masa da ganga. Yana da wani warki na fatar bunsuru da ya gada daga mahaifinsa, a rataye a ƙusa a kan gadonsa, ya yi baƙi don tsufa, ba wanda ke taɓa shi ko da sunan shara. Da girma ya zo, yana ta rufe idanun Baba har ya zama inuwar mutum kawai yake gani, sai yayana ya ɗauki filin. Yaya mutum ne shiru-shiru, faffaɗan ƙirji, wanda sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya. Tun da ya fara shiga dandali da kaka, bayan an kai amfani gida, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Ko gwiwarsa ba ta taɓa dafa ƙasa ba, kuma a kokawarmu da zarar hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa magana ta ƙare. Wannan suna shi ne dukiyar gidanmu, don ban da shi sai 'yan gonaki da awaki.

Maigidana kuwa ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba, wato shi da Yaya taubasai ne. Ni na zaɓe shi da kaina, kuma bakinsa ne ya janye ni, don mutum ne da zai ba ka labarin yadda ya sha koko ka yi ta dariya har ka riƙe ciki. Dogo ne kakkaura, yana ɗaga ƙarfen da ya haɗa da gwangwanaye cike da siminti, amma tun suna yara Yaya ke tumurmusa shi a kan yashi. Sana'arsa gidan kallo, rumfar kwano jingine da katangar gidanmu, da talabijin da ɗan janareto. Wasu ƙwallo suke nunawa, shi kuma kokawar Turawa ce ta shiga ransa, wadda samari ke kira resilin. Manyan wasannin da mutanen can suke biya na musamman kafin su kalla, shi sai bayan 'yan kwanaki yake zuwa kasuwa a tura masa a memori, ya zo ya haska bayan la'asar. Ba nunawa kawai yake yi ba, tsayawa yake gefen talabijin yana fassara. Ya san tarihin kowane kambu, wa ya fara riƙe shi, wa ya ƙwace, a wane babban taro, da kuma abin da ya haɗa wane da wane gaba.

Ni ban taɓa shiga rumfar ba, amma katanga ce kawai tsakaninmu, ina taka keke ina jin komai. A haka na haddace labarin wasu wa da ƙane da suka yi shekaru suna neman hallaka juna a kan kambu, da na wasu aminai biyu da ɗaya ya juya wa ɗaya baya ana tsaka da wasa. Na san wasan da ake rataye kambu a sama sai an hau tsani, da wanda ake kulle mutane a keji, da wanda ƙarti da yawa ke shiga ana jefo su waje ɗaya bayan ɗaya har a bar mutum guda. Har gwani nake da shi a cikinsu, in aka doke shi sai in ɓata ɗinki. Wata rana maigidan ya shigo yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce zai gaya mini abin da bai gaya wa 'yan kallo ba. Ya ce ya bincika ya gano duk abin shiri ne. Wahalar gaske ce, ana karyewa ana zubar da jini, amma wanda zai ci da wanda zai faɗi an tsara tun kafin a fito, kuma maƙiyan nan a mota ɗaya suke komawa masauki. Na ji haushi kamar an yi mini ƙwace, shi kuwa abin burge shi ya ƙara yi. Ya ce ai gwanintar ke nan, a ja gaba wata da watanni har ran babban taro.

Daga nan tunanin ya shiga kansa, ya hana shi sakat. Ya ce me zai hana a yi irinsa a garinmu da kakar bana, shi da Yaya, taubashi da taubashi, tun da dama kowa ya san tsiyar da ke tsakaninsu. Za a yi karo biyu. A na farko shi zai ci ya ɗauki kambu ya yi ta cika baki, a na biyu Yaya ya dawo ya yi masa kaca-kaca a gaban duniya. Da aka kira Yaya tsakar gidanmu aka gaya masa, sai ya girgiza kai ya ce shi bai iya faɗuwa ba. Maigidan bai ƙyale shi ba. Ya kunna masa wani wasa a waya, na wani gwarzo da ya yi shekara da shekaru ba a taɓa cin sa a babban taron shekara ba, har ranar da aka kayar da shi filin ya yi tsit, manya suna kuka. Ya ce wa Yaya ya duba, faɗuwar nan ba ta rage wa mutumin komai ba, ƙara masa girma ta yi. Ya ce kuma wannan ba kokawa ba ce, wasa ne na samari, babu ganga, babu dattawa. Ni ma na sa baki, ina tsokanar Yaya cewa tsoron taubashinsa yake ji. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce to, tun da har da ni.

Ni na ɗinka kambun. Na samo fatar tsohuwar kujerar babur na yanke ta da faɗi, na goge murfin wani kwanon samira da toka har yana ɗaukar ido, na huda na ɗaure a tsakiya, na zagaye da duwatsun adon da nake sa wa rigunan amare. Allura nawa na karya ban sani ba, amma da na gama har ni sai da na ɗaura a ƙugu na zaga tsakar gida. Su kuma suka yi ta gwaji a kan ƙaiƙayi a bayan ɗakina, maigidan yana koyon yadda zai ciccibi Yaya a kafaɗa, Yaya yana koyon yadda zai saki jiki. Abin ya yi masa wuya ƙwarai. Da zarar an kama shi sai ƙafafunsa su kafe da kansu, sai an yi ta roƙonsa. Ina kallo ina dariya, ban gane cewa jikinsa ya fi mu hankali ba. Kafin ranar maigidan ya sa muka yi alkawari mu uku, tsakaninmu da Allah, cewa ba wanda zai ji shiri ne, don a cewarsa da an sani armashin ya tafi.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, aka kafa turaku huɗu a filin da ake sussuka, aka zagaye da igiyar rijiya, aka zuba ƙaiƙayi aka rufe da tamfol. Mu mata muna cikin gidan da ke bakin filin, ni na kifa turmi na hau ina leƙe ta kan katanga da goyona. Samari muka zata, sai ga gari ya fito, har da mutanen ƙauyukan maƙwabta a kan babura. Ana cikin haka na ji abin da ya sa gabana ya faɗi. Ganga ce. Tsohon makaɗin da ya yi wa Baba kiɗa a zamaninsa ya ji an ce Yaya zai shiga fili, ba wanda ya gayyace shi, ya rataya gangarsa ya taho, don a wurinsa ɗan gidan nan ba ya shiga fili babu kiɗa. Ya saki taken gidanmu. Ba a jima ba na hango Baba yana tahowa yana dogara sanda, shi da ya ce ba zai zo kallon shirmen yara ba. Aka shimfiɗa masa buzu a gaba, dattawa suka zagaye shi. Na ga Yaya ya tsaya cak ya dubi maigidana, na ga maigidan ya matsa ya raɗa masa wani abu. Daga baya maigidan ya gaya mini ce masa ya yi, an riga an tara jama'a, kuma alkawari alkawari ne.

Sun yi wasan yadda suka tsara, har ya fi na gwaji kyau. Yaya ya yi ta wujijjiga maigidan, jama'a na ihu, ganga na tashi. Ni kuwa ina kan turmi, ina cewa a raina ya Allah ka sa ƙafafun Yaya su kafe kamar yadda suka saba. Ba su kafe ba. Maigidan ya sunkuya ya ciccibe shi, ya juya da shi, ya sauke shi a kan bayansa, ƙaiƙayi ya tashi. Abokinsa da aka sa alƙalanci ya bugi tamfol sau uku. Samari suka ɓarke da sowa, amma ta ɓangaren dattawa ko tari babu. Gangar ta tsaya a tsakiyar take. Makaɗin ba shi da taken da zai kaɗa wa maigidana, sai ya soke sandar kiɗansa a hammata ya ratsa mutane ya tafi. Baba ya karkata kai ya tambayi na kusa da shi wane ne a ƙasa. Aka gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya lalubi sandarsa, ya tashi. A lokacin maigidana yana kan turke yana ɗaga kambun da na ɗinka.

Mun ɗauka kwana biyu za a yi ana zancen a wuce, ashe ba haka ba ne. An ɗauki faɗuwar a wayoyi, ta zaga duk ƙauyukan da Yaya ya taɓa kayar da gwanayensu. A can ba wanda ya ce wasan Turawa ne. An ji ganga, an ga Baba a kan buzu, an ga baya a ƙasa, shi ke nan. Ranar kasuwa mutanen da ba sa iya haɗa ido da shi suka riƙa tare shi suna yi masa sannu da jiki. Maigidan kuma ya shiga rigar mugu kamar yadda ake yi a talabijin, yana yawo da kambu a kafaɗa, yana tsayawa a majalisa yana cewa ƙarfin gidan kawunsa dama na ganga ne. Ba mai iya tsawatar masa, don taubashi ne, tsiyarsa halal ce a al'ada. Yaya sai dai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Na ce wa maigidan ya sassauta, ya ce in bari, duk yadda aka tsane shi yanzu haka za a yi murna ranar ramuwa. Na ce to a gaggauta ramuwar, ya ce tukuna, sai abin ya nuna. Gaskiya ita ce daɗin sunan ya fara ratsa shi, ya ga yau shi ma ana nuna shi da yatsa.

Ramuwar ba ta zo ba. Yara suka fara dirowa daga kan katanga suna faɗa wa juna, iyaye suka kai kuka, Dagaci ya aiko cewa kada a sake kafa igiya a garinsa. Aka tuge turakun. Yaya ya haɗa 'yan kayansa ya tafi kasuwar hatsi ta Dawanau cin rani, dakon buhuna, shi da bai taɓa barin gida da rani ba. Daga ranar na rasa natsuwa. In zauna a keke in tashi, in ɗauki mayafi in tafi gidanmu, in na je in kasa zama in dawo. Na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai har sau biyu. Tuwo ya ƙone ina tsaye a kansa. Maganar tana cina kamar ƙaiƙayi a cikin riga, ga alkawari ya ɗaure mini baki. Idan na faɗa, mijina ya zama maƙaryacin da ya yaudari gari har da kawunsa. Idan na yi shiru, yayana ya ci gaba da ɗaukar kunyar da ba tasa ba. Na kira Yaya a waya na ce ya bar ni in faɗa, ya ce a'a, abin da ya wuce ya wuce, ya tambaye ni lafiyar yara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Baba. Bai yi faɗa ba, bai yi ƙorafi ba, ko maigidana ya je gaishe shi sai ya amsa da fara'a har ya tsokane shi da sabon sarki. Amma wata safiya na shiga na tarar ya sauko da warkin nan daga ƙusa, ya shimfiɗa a cinya, yana shafa masa man shanu da yatsunsa a hankali. Ban taɓa ganin an sauko da shi ba tun da na yi wayo. Na sake zuwa na sake tarar da shi a haka, yana murza fatar yana lalube inda ta tsage. Har ya ce in kawo zare mai ƙarfi in kama masa wani gefe. Na kama ina haɗiye kuka, don a ganina bankwana yake yi da shi. Na ce a raina tsohon nan baƙin ciki ne ke cinsa a ɓoye, yana ganin sunan gidansa ya mutu a hannun ɗansa, zai kuma tafi kabari da wannan ƙarya. Ban tambaye shi me yake ji ba. Na yanke masa hukunci da kaina, na kuma yanke cewa ni ce mai maganin.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, aka ce 'yan cin rani suna hanya, sai na ce wa maigidan ni fa na gaji, zan gaya wa Baba shi kaɗai. Ya yi ta roƙona, ya ce in bari ya nemi wani gari a yi ramuwar a can. Na ce ramuwar da za a sake shiryawa, ƙarya a kan ƙarya. Muka yi cacar bakin da ba mu taɓa yi ba, na ɗauki mayafina na fita. Na tarar da Baba a inuwar darbejiya a tsakar gida, Inna ta tafi unguwa. Na durƙusa na ce na zo masa da albishir. Wallahi haka na ce, albishir. Na kwashe komai na gaya masa, tun daga memori har gwajin bayan ɗaki, na ce ya kwantar da hankalinsa, ba wanda ya kayar da ɗansa, har gobe babu mai iya kayar da shi, shi ne ya kwanta da kansa. Ina magana ina dariya da hawaye, ina jiran in ga fuskarsa ta washe.

Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya tambaye ni, a hankali, ko Yaya ya ji gangar kafin ya kwanta. Na ce ya ji. Ya tambaya ko Yaya ya san shi Baba yana wurin. Na ce ya sani. Sai ya ce in ɗauko masa warkin. Da na kawo ya ɗora a cinya, ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba, don ba zance ne da ake yi da 'ya'ya mata ba. Ya ce a gidanmu ba a ba ɗa warkin nan sai ranar da aka kayar da shi ya tashi bai yi rigima ba, bai kawo uzuri ba. Ya ce shi ma sai da wani mutum ya maka shi da ƙasa a gaban surukansa, ya dawo gida yana jin kamar ya mutu, a ranar mahaifinsa ya miƙa masa. Ya ce shekaru yake jira a kayar da Yaya, har ya fara tsoron zai mutu bai ga ranar ba. Da aka ce masa ɗansa ne a ƙasa, kuma ya tashi ya karkaɗe jiki bai ce uffan ba, ya sha tsiyar taubashi da ta kasuwa bai tanka ba, sai ya gode wa Allah. Gyaran da na ga yana yi, shiri yake ya ba shi in ya dawo.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara rantse-rantse cewa laifina ne da na maigidana, mu muka matsa masa. Baba ya ɗaga hannu. Ya ce mutum yana iya faɗuwa a gaban ganga, wannan ba komai ba ne, amma ba ya yi mata ƙarya, domin makaɗin nan da zuciya ɗaya ya zo, dattawan nan da zuciya ɗaya suka zauna. Bai ɗaga murya ba. Ya ninke warkin ya miƙo mini, ya ce tun da ni ce mai ɗinkin, in tafi da shi, fata ce mai kyau, in yanka in yi musu wani kambun. Na ƙi karɓa, ya ajiye a gabana ya juya fuskarsa ga bango. Haka na ɗauka na fito, ina tafe ina tuntuɓe, na rungume shi a cikin mayafi kamar na sato.

Yaya ya dawo da ruwan farko, ya rame, kafaɗunsa duk sun yi kanta. Ya shiga gaida Baba, suka gaisa lafiya lau, suka yi zancen iri da taki. Inna ta ce da Yaya zai fito ya ɗaga kai ya ga ƙusar babu komai, ya daɗe yana kallonta. Da yamma ya zo gidana. Ban iya ɓoyewa ba, na buɗe akwati na nuna masa, na gaya masa duk abin da Baba ya ce, har da cewa da na yi shiru da yanzu nasa ne. Na so ya zage ni, ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Ya tsuguna ya kai hannu kamar zai taɓa, sai ya janye. Abin da ya ce kawai shi ne in riƙa dubawa saboda gara. Bai sake shiga dandali ba. Da kaka ta zagayo 'yan ƙauyuka suka aiko masa goron gayyata, ya mayar musu.

Baba ya rayu bayan haka har ya ga wasu damuna, suna noma tare da Yaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya, amma kalmar kokawa ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Na sha zuwa da warkin a cikin mayafi in durƙusa in roƙe shi ya karɓa, sai ya tambaye ni yara ya canza zance. Maigidana ma ya je ya ba da haƙuri har da kuka, Baba ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda ya yafe. Warkin ne dai bai koma ƙusa ba har Allah ya karɓi abinsa. Maigidan ya jefa kambun a bayan rumbu, rana da ruwa suka cinye shi. Har yanzu yana haska wasannin, amma ya daina tsayawa gefen talabijin. Kwanaki na ji ta katanga ana sowa, na tambaya, aka ce aminan nan biyu da suka yi shekaru suna gaba ne suka rungumi juna a babban taro. Na ce su kam sun huta, tun da wanda ya rubuta musu faɗan shi ya rubuta musu shirin. Maigidana da Yaya suna gaisawa, suna zuwa sunan juna, amma wasan taubasai ya mutu a tsakaninsu, ko tsokana ɗaya ban sake ji ba.

Abin da na koya, 'yan'uwa, ba wai kallo haramun ne ba, ni ma na ji daɗinsa. Amma abin da ake yi a can an yi shi ne don mutanen da suka san wasa suka zo kallo. Mu muka ɗauko shi muka dasa a filin da faɗuwa take da nauyi, a gaban mutanen da ba su san ana kwanciya da gangan ba. Samari masu sha'awar kwaikwayon abin da suke gani, ku dubi filin da za ku kai shi da waɗanda za su zauna a bakinsa. Masu matsa wa ɗan'uwa da sunan raha har ya yi abin da jikinsa ke ƙi, ku ji tsoron Allah, mai shiru ba yarda yake yi ba, kunyarku yake ji. Sannan ga irina, masu gaggawar kai magani: in kun ga babba ya yi shiru, ku tambaye shi abin da ke ransa kafin ku yanke masa. Ba na cewa da na bar Baba a cikin ƙarya ya fi, wannan tambayar har yau ban samu amsarta ba, ita ce ma ke hana ni zama. Na dai san da na tambaye shi dalilin shafa man nan, da Yaya zan tura ya faɗa da bakinsa, wataƙila da an samu wata hanya.

Warkin yana ƙasan akwatina, ban yanka ba, ba kuma zan yanka ba. Duk kaka, in iska ta kwaso kiɗan ganga daga wani ƙauye, sai in rufe keke in fito da shi in shafa masa man shanu, in duba ko gara ta taɓa. Na sha kai wa Yaya, yana cewa ba shi aka ba ba. Ni ma ba ni ya dace da ni ba, kuma wanda zai iya cewa ga mai shi yana kwance a maƙabartar gabas da gari. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa mahaifina a addu'a, ni kuma ya roƙa mini natsuwa.